Sifika mara waya: Abin da kwali ba ya faɗa wa masu sayen kayan sauti a Mai'adua

Kasuwar Mai'adua da dabbobi da hatsi ta yi suna. Duk ranar Lahadi fatake kan cika ta daga Daura da Kano da kudancin Najeriya, da kuma ƙauyukan jihar Damagaram da ke tsallaken iyaka. Amma wanda ya ratsa ta gefen masu cajin waya da masu tura waƙoƙi zai ji wata kasuwar da kunne ake fara saninta: nan wa'azi, can waƙar biki, gaba kaɗan mai tallan magani, kowanne daga 'yar sifikar da ba a ganin wayarta.

Wannan sauti ya daɗe da shiga gida. A da garmaho ne abin alfahari, aka koma rediyo mai kaset da ake jin su Shata, sai faifan CD da DVD. Yanzu a lissafin kayan ɗakin amarya, bayan gado da kujeru da talabijin, iyaye da yawa kan saka abin da ake kira hom tiyata, wato tarin sifiku da aka yi domin sauti ya kewaye mai kallo kamar yana gidan silima. Sabon yayi kuma shi ne a ce mara waya ake so.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Kusan duk kayan nan daga waje ake shigo da su, akasari daga Sin, su sauka Legas, su biyo ta kasuwar Alaba zuwa Sabon Gari a Kano, kafin su iso Daura da Mai'adua. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Uban da ya sayar da ɗan bijimi ko buhunan gero don ya fita kunyar 'yarsa, ya cancanci ya san abin da yake biya wa kuɗi. Sau da yawa kuwa abin da ke rubuce a kwali daban, abin da zai faru a ɗaki daban.

Me ake nufi da 5.1?

Lambar da aka fi gani a jikin kwali ita ce 5.1. Biyar ɗin sifiku biyar ne: ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya wadda ke ɗauke da maganar 'yan wasa, sai biyu a gefe ko ɗan baya da mai kallo. Ɗayan da ke bayan ɗigo shi ne wufa, babban akwatin nan da ke fitar da rugugi har mutum ya ji a ƙirjinsa.

Tsarin daga gidajen silima ya fito. Kamfanin Dolby ya fito da Dolby Digital a fim ɗin Batman Returns a 1992, abokin hamayyarsa DTS ya biyo baya da Jurassic Park a 1993, faifan DVD kuma ya kai shi gidaje. A 2012 aka ƙaro Dolby Atmos, mai sa a ji kamar sauti na saukowa daga sama.

Abin da mai shago ba kasafai yake bayani ba shi ne, sifiku shida ba su ne ke haifar da sauti mai kewayawa ba. Sai in tun wajen haɗa fim an raba sautin hanya shida. Idan hanya biyu aka yi shi, hagu da dama, na'urar za ta kwafi wannan biyun ne ta watsa wa sauran. Ƙara za ta ƙaru, ɗaki zai cika, amma ba za a ji mota ta taho daga baya ta wuce gaba ba.

To, me ake kallo a gidajen Mai'adua? Labarina da Izzar So da sauran finafinai masu dogon zango, Daɗin Kowa a Arewa24, finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, karatun malamai da waƙoƙin da aka turo a memori. Galibinsu da hanya biyu suke iso wa mai kallo, musamman bayan an matse su don su shiga waya. Wanda abin kallonsa ke nan, sifiku biyu masu kyau da wufa ɗaya sun ishe shi, ragowar kuɗin ya sa a wani abin.

Mara waya, amma tana neman soket

A nan ne aka fi samun saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa, domin kalma ɗaya ce ake kiran abubuwa uku da ita.

Na farko, wanda ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi araha, shi ne hom tiyata mai Bluetooth. Abin da ba shi da waya a cikinsa kawai shi ne tsakanin wayar hannu da babban akwatin. Ƙananan sifikun kuwa kowacce da igiyarta, sai an ja ta bin bango ko ƙarƙashin leda. Amarya kan gano haka ne ranar jere, lokacin da aka buɗe kwali aka ga ƙullin wayoyi.

Na biyu shi ne irin doguwar sifikar nan mai kama da sanda da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, wadda kamfanoni kamar Samsung da LG da Hisense ke yi. Wufarta da sifikun baya suna karɓar sauti ta iska, gaskiya ne. Amma wuta ba ta bin iska. Wufa na buƙatar soket ɗinta, sifikun baya ma haka. A wasu samfuran ma akwai wani ɗan akwati da ake jonawa a bayan ɗaki, daga shi kuma wayoyi biyu su tafi zuwa sifikun. Ɗakin da soket ɗaya gare shi, kamar yadda ɗakuna da yawa suke a garuruwan karkara, ƙarshenta sai an ja doguwar wayar wuta ta ratsa tsakar ɗaki, inda yaro mai rarrafe zai fi sha'awarta. An gudu ba a tsira ba.

Na uku ne kaɗai ya cika sunansa: sifikun baya masu batir, irin na JBL Bar 9.1 da ya fito a 2020, waɗanda ake cirewa daga jikin sandar a ajiye a baya, su yi kusan awa goma kafin a mayar da su caji. Farashinsu ya fi ƙarfin yawancin masu haɗa kayan ɗaki, kuma batir ba ya shiri da zafin watan Afrilu na ƙasar Daura. In ya mutu, samun madadinsa aiki ne.

Shi kansa Bluetooth yana da iyaka. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994, aka kuma raɗa masa sunan wani tsohon sarkin Denmak, Harald Bluetooth. Hanyar da aka saba tura waƙa da ita hanya biyu kawai take ɗauka. Ma'ana ko fim ɗin na 5.1 ne na gaske, ko na'urar ta gaske ce, muddin ta Bluetooth aka tura daga waya, hagu da dama kawai za su iso. Nisansa a yawancin na'urori bai wuce mita goma ba, bango kuma na rage shi, shi ya sa waƙa ke yankewa in mai wayar ta leƙa madafa.

Akwai kuma jinkiri. Sautin Bluetooth kan makara da abin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A waƙa ba wanda zai lura. A fim kuwa baki zai motsa kafin magana ta fito. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka wannan jinkiri daidai yake da a ce sifikar tana nesa da mai kallo da kusan mita 70. Wannan ne dalilin da manyan kamfanoni ba sa amfani da Bluetooth tsakanin sanda da sifikun baya, suna da tasu hanyar ta daban, kuma shi ya sa sifikar wannan kamfani ba ta haɗuwa da sandar wancan. In ɗaya ta lalace, ba za a je Daura a sayo kowace iri a maye gurbinta ba.

Mai son 5.1 na ainihi, galibi sai ya yi amfani da waya ɗaya: ta HDMI daga ramin talabijin da aka rubuta wa ARC, ko kuma siririyar wayar nan mai fitar da jan haske. Tsofaffin wayoyi masu kai ja da fari hanya biyu suke ɗauka.

Wat dubu goma a kwali

Babu inda ake cika baki kamar wajen ƙarfin sifika. Za a ga kwali ɗauke da 5,000W ko 10,000W da manyan lambobi, kusa da su kuma an rubuta PMPO da ƙananan haruffa. Wannan ma'auni ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa shi. Wanda ake iya dogara da shi shi ne RMS.

Lissafin mai sauƙi ne. Soket mai amfiya 13 a wutar Najeriya mai bolt 230, iyakar abin da zai bayar wajen wat 3,000 ne. Na'urar da aka jona a cikinsa ba za ta riƙa fitar da dubu goma ba. Hanya mafi sauri ita ce a juya akwatin a karanta 'yar takardar da ke manne a baya, inda aka rubuta wutar da yake ci. In an ga wat 60, an san inda maganar ta tsaya.

Wannan ƙaramar lamba albishir ce ta wani gefen. Mai'adua na ƙarƙashin kamfanin KEDCO mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, kuma gidaje da shaguna da yawa sun koma dogaro da sola ko janareta. Na'urar da ke cin wat 60 ƙaramar inbata za ta ɗauke ta tare da talabijin. Abin tsoro shi ne wutar da ke hawa da sauka, da ƙaramin janareta mai tari, domin su ne ke ƙona allon da ke cikin wufa. Kowace sifika mara waya kuma tana da nata allon da nata ɗan amfilifaya, don haka wuraren da za su iya ƙonewa sun ƙaru daga ɗaya zuwa uku ko huɗu. Sitabilaiza ɗaya da aka ajiye kusa da talabijin ba ta kare sifikun da aka jona a bangon baya.

Kasancewar garin a bakin iyaka ya ƙara wani abu. Hanyar Kongolam da ke fita Matamaye da Damagaram ta sa kaya na shiga da fita, duk da rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kayan da aka yi wa kasuwar Nijar kan zo da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Wannan ba matsala ba ce, ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, adafta ta wadatar. Gwanjon Amurka ne abin dubawa: yawancinsa na bolt 120 ne, in ba a ga an rubuta 100 zuwa 240 a bayansa ba, jonawar farko na iya zama ta ƙarshe. Sannan kayan da suka bi hannu da yawa ba su da takardar garanti da wani zai karɓa.

Gidan kallon ƙwallo da maƙwabta

Masu gidajen kallon ƙwallo ma kan yi sha'awar tsarin, tun da wasu tashoshin DStv na aiko da 5.1. Sai dai an tsara shi ne domin mutanen da ke zaune wuri ɗaya a tsakiya: sifikun gaba su karkata kusan digiri 30 hagu da dama, na gefe tsakanin digiri 100 zuwa 120. Rumfar kwano mai dogayen bencina ba haka take ba. Wanda ya zauna a bencin baya ihun 'yan kallon filin wasa zai cika masa kunne, muryar mai sharhi ta ɓace masa. Ga kwanon rufi da ke dawo da amo. Manyan sifiku biyu masu waya, an ɗaga su sama, sun fi amfani a irin wannan wuri, kuma ba sa bari a ga ƙwallo a raga kafin a ji shewa.

A cikin gida kuwa wufa ce ke jawo magana. Rugugi na ratsa bango fiye da siririn sauti, don haka a gidan da ɗakuna ke jere, abin da amarya ke ji daidai, uwar miji ko abokiyar zama a ɗaki na gaba dukan ganga kawai take ji. Janye wufar daga lungu da kuma daga bangon da aka haɗa da maƙwabci na rage abin sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Ga yara ta rage shi zuwa 75, su ne kuwa ke zama dab da sifika.

Wanda zai saya, gara ya je da wayarsa da irin fim ɗin da ake kallo a gidan, ya ce a buɗe kwali a jona a gabansa. Ya ƙirga filogi nawa ne, ya tuna soket nawa ne a ɗakin. Ya saurari magana, ba kiɗa kaɗai ba, domin mai shago da waƙa mai rugugi yake gwaji, ita kuwa ke ɓoye sifikar da ba ta fitar da murya sarai. Ya matsa kunne kusa da kowace ƙaramar sifika ya tabbatar tana aiki, ya kuma tambayi inda ake gyara, Daura ko sai Kano. In mai shago ya ce, "Alhaji, ai sabo ne dal, ba sai an buɗe ba," akwai wani shagon a gaba.