Kuɗin Shiga Tsere a Watan Sayen Taki

Ran wata Lahadi na dawo daga kasuwar Ɗambatta, inda na je tayin taki na komo hannu rabbana, sai ɗan yayana ya same ni a zaure. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Sanarwa ce: wasu matasan yankinmu sun shirya tsere mai zango uku a bakin wata madatsar ruwa da ke kusa da mu. A yi ninƙaya, a fito a hau keke, a sauka a ƙarasa da gudu. Kuɗin shiga Naira 15,000.

"Baffa, ina so in shiga," in ji shi. Tun rasuwar mahaifinsa ni ke riƙe da gidan, don haka maganar ba ta da inda za ta wuce sai kaina.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce kuɗin ai ba su taka kara sun karya ba. Amma daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, daga Bichi zuwa Kunchi da Tsanyawa, gona na jingine da gona, ba saura, ba dajin da za a sara. Kowane rabon gado sai ya ƙara tsaga ta. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru tun daga wajajen 1960 yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma fili guda kowace shekara ba hutu, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin bai wuce taki da hannu ba: kashin awaki, toka, sharar birni da ake ɗaukowa a mangala, sai na zamani da ake sa wa shuka da tsunkule. A irin wannan wuri kuɗi ma suna da lokacinsu. Dubu goma sha biyar ta bayan kaka kuɗin nishaɗi ce. Ta farkon damina kuwa dammunan gero ne da ba za su shiga rumbu ba.

Da haka kaɗai na so in sallame shi. Abin da ya hana ni shi ne na san yaron. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekensa ya zama motarsa. Da shi yake zuwa makaranta, da shi yake kai wake kasuwa. Ruwa kuwa a cikinsa ya tashi. Bai taɓa roƙona kuɗin kallon ƙwallo ba. Na ce ya ba ni mako guda.

A makon nan na gane cewa abin da ya fi damuna ba yawan kuɗin ba ne. A al'adarmu ɗan wasa ba ya biya. Ɗan dambe ko ɗan kokawa in ya sauka a gari bayan kaka, 'yan kallo ne ke biya a ƙofa, masu hali su yi masa kari, makaɗi ya wasa shi. Yau an juya: wanda zai zubar da gumi shi ne zai zubar da kuɗi. Me ake sayar masa?

Inda wasan ya fito suna da amsa. A San Diyego ta Amurka aka fara shi a sigarsa ta yau a 1974. A 1978 mutum 15 suka gwada doguwar sigarsa a Hawayi, wadda ake kira Ironman: ninƙayar kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42. Ya shiga gasar Olamfik a Sidni a shekarar 2000, da ninƙayar kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Kuɗin shiga manyan gasanninsa ɗaruruwan daloli ne, kuma yawancin masu biya sun san ba za su ci ko sisi ba. Abin da suke saya shi ne hanyar da aka rufe wa motoci, ruwan sha a kan hanya, likita a gefe, da masu ceto a cikin ƙananan jirage suna ƙirga kawuna. Dalili kuwa sananne ne: yawancin waɗanda ke rasa ransu a wannan wasa a zangon ruwa suke rasa shi. A gasar Faris ta 2024 sai da aka ɗage tseren maza da kwana guda saboda gwaji ya nuna ruwan kogin Sen bai tsarkaka ba, bayan Faransa ta kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace shi. Mu nan, a madatsunmu irin Tomas da Watari da Gari, ba mai gwada ruwa, kuma kowane malamin asibitin karkara ya san yawan yaran da ake kawo masa da tsargiya.

Sai na nemi masu shirin. Yara ne masu ladabi, 'yan jami'a, kuma ban ga alamar cuta a tare da su ba. Na tambayi jagoransu inda kuɗin za su tafi. Ya lissafa mini: riga mai tambari, lambar wuya, hayar rumfa da kujeru, lasifika, ragowar a haɗa a ba na ɗaya zuwa na uku. Na ce masa wannan na ƙarshe ya kai wa malamai su duba, domin da yawansu na ganin tara kuɗin 'yan takara a miƙa wa wanda ya ci ya yi kusa da caca. Kyauta ta fi tsabta in daga aljihun wani attajiri ko ƙungiya ta fito. Sannan na tambaye shi wa zai kasance a cikin ruwa.

"Baba, ai duk 'yan bakin ruwa ne, sun iya," ya ce. "Allah zai kiyaye."

Allah zai kiyaye, haka ne. Amma iya ruwa fid da kai ne, kuma yaron da ya saba wanka a gefe shi da abokansa uku bai taɓa shiga tsakiya tare da mutum hamsin ba, ana shurinsa a fuska, zuciya na bugawa, kowa na son wuce kowa. In jijiya ta ɗaure masa a ƙafa, wa zai gani? Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labarin ruwa. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da mutanen da suka taso daga Badau zuwa Bagwai, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka tsamo gawa aƙalla 29. Har yau akwai gidajen da ba a ambaton ranar.

Na gaya masa a fili cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin ɗan mutane ya sa shi a ruwa ya ɗauki amanar fito da shi. Riga mai tambari ba ta ceton kowa. Da kuɗin rigunan nan za a iya zuwa wurin Sarkin Ruwa a ɗauki masunta da kwale-kwale biyu ko uku, a samo ma'aikacin lafiya, a sa 'yan sintiri a mahaɗar hanya inda masu babur ke shigowa a guje. In kuma suna son 'ya'yan manoma su zo, su bar watan da kowa ke gona, su kai shi bayan an yanke gero.

Ban zaci za su ji ba. Bayan kwana tara ɗan yayana ya sake miƙo mini wayar: an ɗage tseren zuwa bayan kaka, an soke riguna, an rage zangon ruwa, an ce za a sa masunta. Kuɗin shiga dai suna nan yadda suke, abin da ya ɗan ba ni dariya.

Muka yi yarjejeniya. Rabin kuɗin shi zai biya daga waken gayaunarsa, domin abin da mutum ya sa guminsa a ciki ba ya wasa da shi. Rabin nawa kuwa ba zan tura ta waya ba. Da hannuna zan kai safiyar ranar, bayan na tsaya a bakin ruwa na ƙirga kwale-kwalen da idona. In babu, mu juyo gida tare. Na kuma ce bayan tseren zai je asibiti a gwada fitsarinsa, ko ya ga jini ko bai gani ba.

Takin na saya, rabin buhu, muka cike da na turke. Shi kuwa kullum bayan sallar asuba ina jin ƙarar sarƙar kekensa yana fita, ya kewayo ta hanyar Kazaure, ya dawo kafin rana ta ɗaga ya ɗauki fartanya.