BADO A TSAKAR GIDA: ADO NE, AMMA A KULA

Yau hirar tamu ba ta lalle ko turaren wuta ba ce, wani ado ne na gida da na tsinto a garinmu Dawaki, can ƙasar Rano.

Duk wadda ta tashi a ƙauye ta san kududdufi, ramin nan da aka haƙi ƙasar gini, damina ta zo ta cika shi. A bayan gidan kakata akwai wani, idan Agusta ta yi sai bado ya rufe shi, ganye shimfiɗe kamar faifai, fure fari tas. Abin da ya ɗaure min kai, da daddare yake buɗewa, hantsi na dubawa sai ya tsuke bakinsa kamar amarya ta ga dangin miji. Na ce wallahi sai na kai shi gidanmu.

Da na zo da saiwarsa a bokiti, Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, sauron garin bai ishe mu ba, sai kin buɗe masa makaranta?" Na yi dariya, amma maganarta na kan hanya. Sauro a kwantaccen ruwa yake zuba ƙwai, kuma lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi.

To ga yadda na yi, 'yar uwa. Samo rabin duro ko tsohon baho mai zurfi, ki ajiye inda rana ke dukansa kamar awa 6, don bado ba ya fure a inuwa. Zuba laka misalin taƙi ɗaya, ki binne saiwar kanta na sama, ki bi da tsakuwa don kada ruwan ya dame. Ruwan rijiya za ki zuba, zurfin kamu ɗaya. Sannan ki saki 'yan ƙananan karfasa biyu ko uku, su ne za su riƙa cinye tsutsar sauro. Kada ki zuba ruwan wanki, omo na kashe su.

Bado ba kyau kaɗai ya tara ba. Kakata ta ce a shekarun yunwa saiwarsa ake dafawa, 'ya'yansa kuma a shanya a daka. Mutanen Misra na zamanin Fir'auna ma har zana shi suke yi a bango.

Sai kainuwa, wadda ake wa kirari da dashen Allah. Ba ta son ƙasa, a saman ruwa take yawo. Guda biyu sun isa, kuma ki riƙa rage ta duk mako, don in ta rufe ruwa kifin zai rasa iska, sannan akwai irin sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta. Kacala kuwa, don Allah ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Chalawa a 1992, ruwa ya koma gudu rani da damina, ciyawar nan ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja da Nguru, manoma da masunta suka ji jiki. To ina ga ɗan bahonki?

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. Ƙanena ya taɓa yin fitsarin jini saboda wankan kududdufi. Tsofaffi suka ce ai girma ne ya zo, har sai da ya rame aka kai shi asibiti, likita ya ce tsargiya ce. Mai ciwon ne ke fitsari a ruwa, ƙwayar ta shiga jikin 'yar ƙaramar katantanwa ta girma, ta fito ta huda fatar duk wanda ya taɓa ruwan. Ana samun maganinta a asibiti, amma in an yi sake tana lalata mafitsara, mu mata kuma har mahaifa takan taɓa. Don haka wajen ciro bado kada ki tsunduma, sa a janyo miki da sanda, ki sa leda a hannu, ki wanke saiwar tas, ki duba bayan kowane ganye. Katantanwa ko ɗaya kada ta biyo ki gida.

Na ƙarshe, in akwai mai rarrafe a gidan, ki ɗora bahon a kan dakali mai tsawo, ko ki rufe shi da waya mai ƙarfi. Ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa ya halaka jariri, kuma shiru abin yake faruwa, kina can kina tuƙa tuwo. Allah Ya kiyaye. In kin san ba za ki iya tsarewa ba, ki haƙura sai yaran sun tasa.

Nawa dai ya yi fure bayan 'yan watanni. Ranar da na fito alwalar asuba, sai na tarar da Inna tsaye a kansa da fitila, tana ta salati. Da ta gan ni sai ta ce, "Kifin na zo dubawa."

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.