Kuɗin Fanshonmu: Matambayi Ba Ya Ɓata

A zangunanmu na Gana, daga Nima da Sabon Zango a Ankara har Aboabo a Kumasi, akwai masu gadi da direbobi da leburori da malaman makaranta waɗanda ake yankar albashinsu kowane wata da sunan fansho. Amma idan ka tambayi mutum goma inda kuɗin nan ke tafiya, da wuya ka sami biyu da za su ba ka amsa. Ga shi kuwa alƙaluman suna nan, ba a ɓoye suke ba.

Bisa dokar fansho ta 2008, wadda ta fara aiki a 2010, ana tara wa ma'aikaci kashi 18.5 cikin ɗari na albashinsa: shi ya ba da 5.5, mai gidansa ya ba da 13. Kashi 13.5 yana tafiya hukumar SSNIT. Sauran kashi 5, wato mataki na biyu, yana hannun kamfanonin amintattu masu zaman kansu, kuma shi ne dunƙulen kuɗin da ake miƙa wa mutum ranar da ya yi ritaya. To, a nan gizo ke saƙar, domin da yawanmu ko sunan kamfanin da ke riƙe da nasu ba su sani ba.

Hukumar NPRA mai sa ido kan harkar fansho tana fitar da rahoto kowace shekara, da yawan asusun da aka yi wa rajista da dukiyar da ke cikinsu, tana kuma buga sunayen amintattun da ta ba lasisi. Haka nan dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba kowa ikon tambayar hukumar gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 14. Wanda bai iya rubutu ba yana iya faɗa da baki, jami'i ya rubuta masa.

Sa ido yana da amfani. A 2024, da maganar sayar da kashi 60 na hannun jarin SSNIT a wasu otal-otal ta fito fili, ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi tsaye, aka fasa cinikin.

Sai dai rahoton ƙasa ba zai gaya wa mai gadi ko mai gidansa ya zuba masa kuɗin watan jiya ba. Wannan sai shi da kansa ya je da katin Gana ya karɓi takardar lissafinsa, a SSNIT da kuma wurin amintaccensa. A tuna, sai an cika wata 180 ana biya kafin a sami fanshon wata-wata.

Muna roƙon sarakunan zango da limamai su sa matasanmu masu boko su riƙa karanta wa iyaye waɗannan takardu, tun da sauran ƙarfi a jiki.