Darasin ƙwayar halitta: rabin littafin ɗanka yana cikin garkenka

Shirinmu na wannan mako da iyaye yake magana, musamman ku da ke Abdulkafi da sauran unguwannin Sabha, waɗanda 'ya'yanku ke shirin jarrabawar kammala sakandare, wadda a nan Libiya ake ce wa sanawiyya. Masu jin mu daga Agadas da Damagaram, BAC ce taku. Na Katsina da Sakkwato kuwa WAEC da JAMB. Suna ne ya bambanta, darasin ɗaya ne: ƙwayar halitta da sinadaran da ke aiki a cikinta. Yaron da ke son likitanci ko kimiyya ko aikin gona a Jami'ar Sabha, wadda ta tsaya da ƙafafunta tun 1983, ba shi da hanyar kauce masa, kuma da shi za a sake tarbarsa a shekarar farko.

Yawancin yaranmu hadda suke yi. Hadda kuwa takan raka yaro har bakin ɗakin jarrabawa, da an juya masa tambaya sai ta bar shi a nan. Kai kuma kana cewa ai ni ban yi boko ba, da me zan taimaka? Malam, da abin da ka sani. Misalan da yaron ke nema suna cikin garkenka da kayan motarka.

Jikin mutum da na dabba da na itace, duk da ƙananan ɗakuna aka gina su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba da labarinsu a 1665, da ya duba ɓawon itace ya ga ramuka jere kamar saƙar zuma. A littafin Larabci na ɗanka sunanta haliyya, kalmar da Larabawa ke kiran amyar zuma da ita. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani siriri, kuma aikinsa aikin shingen kan iyaka ne. Wani abu ya wuce kai tsaye, kamar iskar da muke shaƙa. Wani sai ta ƙofa ta musamman. Wani kuwa sai an biya kuɗin fito, kuɗin nan kuma shi ne ƙarfin da ƙwayar ke samu in ta ƙone sukari, wanda littafi ke kira ATP. Yaron da ya riƙe waɗannan hanyoyi uku ya riƙe babi guda.

Sai mu tsaya a kan ruwa, don nan ne maganar ta fi shafar mu mutanen hanya. Ƙa'idar gajera ce: ruwa yana ratsa tantanin nan ya bi ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Shi ya sa kake barbaɗa gishiri a ɗanyar fata kafin ka ɗaure ta; gishirin ya zuƙe ruwan fatar, ya zuƙe na ƙwayoyin cutar da za su ruɓar da ita. Shi ya sa ma ruwan rijiya mai gishiri da yawa ba ya kashe ƙishirwa, ƙara ta yake yi.

In aka juya kuma, ruwa ya yi yawa a waje, sai ya kwarara cikin ƙwayar ta kumbura, har ta iya fashewa. To me ya sa raƙumi, bayan kwanaki bai sha ba, yake iya kwankwaɗar kusan lita 100 cikin 'yan mintoci bai faɗi ba? Jajayen ƙwayoyin jininsa siffar ƙwai ke gare su, ba irin namu masu kama da faifai ba, kuma suna iya kumbura fiye da ninki biyu ba su fashe ba. Tun da mun zo nan, a gaya wa yara: tozo kitse ne, ba salka ba ce. Abinci raƙumi ya ajiye a ciki.

Wannan shingen ne dai ke ceton rai in zawo ya kama mutum tsakanin Dirku da Gatrun. A jikin hanji akwai wata ƙofa da ba ta ɗaukar gishiri sai tare da sukari. In su biyun suka shiga, ruwa ya bi su. Wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana ta a 1960, kuma a 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi aiki da wannan sani a sansanonin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladesh, inda kwalara ke kashe mutane. Haɗin shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tambayi ɗanka me ya sa sai an sa sukarin. In ya amsa, ya fahimci darasin. In ya karanto maka layin littafi ya tsaya, da sauran aiki.

Babi na biyu da ke kayar da yara shi ne na inzim. Inzim wani nau'in furotin ne mai hanzarta aiki a jiki, shi kansa ba ya ƙarewa, kuma kowanne da aikin da ya iya, kamar makulli da kubarsa. Hajiya mai yin cuku, ke kin daɗe da saninsa. Ɗan yankin cikin ɗan akuya mai shan mama da kike jiƙawa ki zuba a madara ta daskare, inzim ne a ciki. Matan Fulani na Binin da kudancin Nijeriya ruwan tumfafiya suke sawa, shi ma inzim ne. Kindirmo kuwa hanyarsa daban: ƙananan halittu ne ke cinye sukarin madara su mai da shi tsami, tsamin ya sa ta kama. Masu jarrabawa na son haɗa waɗannan biyun don su ga wa ya bambance.

Abin da furotin ba ya so shi ne zafi. Siffarsa ce aikinsa, zafi kuma yana warware ta, kamar farin ƙwai da aka dafa, ba ya komawa ruwa har abada. Jikinmu a kan digiri 37 yake aiki, zafin Sabha da bazara kuwa yana haura 40, balle bayan mota a rana. Alhaji mai safarar magani, wannan naka ne. Allurar masu ciwon suga furotin ce, ita da yawancin alluran rigakafin mutane da na dabbobi tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su. Kwalba na iya isowa lafiya lau a ido alhali abin da ke ciki ya mutu a hanya, a yi wa awaki a zauna ana jiran kariyar da babu ita.

Saniya ma ba ita ke narkar da ciyawa ba. Ba ta da inzim ɗin. Ƙananan halittun da ke tumbinta ne ke yi mata aikin, ita nata tuƙa. Ran da rago ya ɓalle ya afka wa buhun gero, halittun masu yin tsami su suke rinjaye, tumbi ya yi tsami fiye da kima, dabba ta kwanta. Kanwa kishiyar tsami ce. Abin da littafi ke kira ma'aunin pH ke nan, sai dai in abin ya yi nisa a nemi malamin dabbobi, kada a tsaya ga kanwa.

Na DNA da gado zan taɓa shi a gurguje, don shiri guda yake buƙata. Furotin jeri ne na tubala iri 20. A ciwon sikila, tubali ɗaya tak, na shida cikin 146 a wani sashe na furotin ɗin jini, shi aka musanya, sai ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje. Iyaye biyu masu AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Lissafin da ake tambaya a jarrabawa ke nan, shi ne kuma dalilin gwajin jini kafin aure.

Akwai wani nauyi da yaranmu na Sabha ke ɗauke da shi wanda ba a cika lura ba. Hausa a gida, Larabci a makaranta, in an shiga likitanci kuma littattafan su koma Ingilishi. Na Nijar Faransanci. Shawarata ita ce ya ware ɗan littafi, kowace kalma ya rubuta ta da harshen makaranta, a gefe ya rubuta ma'anarta da Hausa irin ta gida. Ya rufe littafi ya zana ƙwayar da ka, ya sa wa kowane sashe suna da aikinsa, sannan ya buɗe ya ga abin da ya tsallake. Ya nemi takardun tambayoyin shekarun baya ya amsa su da agogo a gabansa. Kuma tun da wutar lantarki ba ta da alkawari, bayan sallar asuba ya fi tsakar dare.

Naku iyaye kuwa, ku ɗaga masa zaman shago da kiwo a makonnin ƙarshe, ku ba shi minti goma bayan cin tuwo ya yi muku bayani da bakinsa. In ya ce inzim, ku ce nuna mini a ƙwaryar nono. Tambayar da ta gagare ku ku duka, ku aiko mana, mako mai zuwa za mu karanta su a shirin tare da malamin kimiyya na sakandare.