BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: TANADIN GIDA DOMIN SHEKARAR WUYA

Ya kai manomi, da kai dagaci ko mai unguwa wanda jama'a ke ƙarƙashin kulawarka, wannan takarda taku ce. In ka karanta, ka karanta wa maƙwabtanka waɗanda ba su iya boko ba, gama maganar da ke cikinta ta shafi kowane gida mai rumbu.

Ka sani damina ba ta da alkawari. Bana ruwa ya yi yawa, baɗi ya ɗauke tun gero bai yi bununi ba. Mutum ba shi da ikon saukar da ruwa, amma yana da ikon abin da zai yi da hatsinsa bayan ya shigo gida. Nan ne gida ke bambanta da gida. Sau da yawa maƙwabta biyu sukan sami amfani daidai da juna da kaka, amma kafin watan Yuli ɗaya yana tuwo, ɗaya yana ƙwadago a gonar wani don ya sami awon dare, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye.

ABIN DA YA FARU A BAYA

A shekara ta 1913 ruwa ya ƙi a ƙasar Hausa da Barno, sai aka shiga yunwar 1914 wadda ake kira Kakalaba. Mutane da yawa suka mutu, waɗansu suka bar garuruwansu suka nufi kudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ana kuma karɓar haraji da kuɗi, saboda haka hankalin manoma ya fara komawa kan abin sayarwa. A 1927 aka yi ta 'Yan Buhu, a 1942 aka yi 'Yar Gusau. A 1931 fara da ƙarancin ruwa suka jawo yunwa mai tsanani a yammacin ƙasar Nijar. Farin 1973 da na 1984 har yanzu akwai dattawan da suka gan su da idonsu, ka tambaye su. A 2004 fara da fari suka haɗu a Nijar, a 2005 ƙasar Maraɗi da Damagaram suka sha wuya ƙwarai.

Ba fari kaɗai ke kawo wuya ba. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa a arewacin Nijeriya, wanda ya dogara gare ta ya tashi hannu wofi. A 2022 ambaliya ta cinye gonaki masu yawa. A farkon 2023 takardar naira ta yi wuyar samu, har mai kuɗi a banki ya rasa na awo. Masifun nan iri iri ne, amma cikinsu duka gidan da ke da hatsi a rumbu shi ya fi samun sauƙi.

NA ƊAYA: KA SAN CIN GIDANKA

Kada ka sayar da ko tiya ɗaya sai ka yi lissafi. Babban mutum yakan ci kimanin rabin kilo na hatsi kowace rana. Gida mai mutum 10, manya da yara, yakan ci kamar tiya 2 a yini, watau tiya 60 a wata. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar kimanin tiya 40, saboda haka cin wata ɗaya buhu ɗaya da rabi ke nan, cin shekara kuwa buhu 18.

In da dami kake ajiya, ka sa a sussuke dami ɗaya matsakaici, ka auna tiya nawa ya fitar, sa'an nan ka ƙidaya dammanka. Da haka za ka san ko abin da ka noma zai kai ka wata kaka.

Bayan ka fitar da zakka, ka raba saura kashi huɗu. Na farko iri. Na biyu cin shekara. Na uku tsimi, watau abin da ba za a taɓa ba sai wuya ta zo. Na huɗu shi ne rara, shi kaɗai ya kamata ya tafi kasuwa. Ga gidan mutum 10, ka fara tsimi da buhu 5, cin wata uku ke nan da ɗan ƙari. Kowace shekarar da ta yi kyau ka ƙara, har ka kai ga cin shekara guda. Kada ka manta da suna da biki da baƙi, gama su ma daga rumbu suke ci.

NA BIYU: KADA KA SAYAR DA KAKA KA SAYA DA DAMINA

Da kaka kowa na kai hatsi kasuwa, shi ya sa yake araha. Tsakiyar damina rumbuna sun ƙare, shi ya sa yake tsada. Wanda ya sayar da cin gidansa a watan Nuwamba, shi ne zai sayo shi a watan Agusta da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa. In ba shi da kuɗin sai ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba, da kaka mai bashi ya kwashe, shekara ta sake zagayowa yana nan inda yake. Wannan rami ne mai sauƙin faɗawa mai wuyar fita.

In bukatar kuɗi ta taso da kaka, ka duba gyaɗa, ko riɗi, ko barkono, ko auduga, ko ɗan akuya. Domin wannan ne ake noma su. Amma kada ka ba su gonar abinci. Kuɗin gyaɗa yana hawa yana sauka a kasuwannin da ba ka taɓa zuwa ba, gero kuwa da ke rumbunka tiyarsa ba ta raguwa don kuɗi ya lalace.

NA UKU: GYARAN RUMBU

Abokan gaban hatsi biyar ne: laima, da ƙwari, da gara, da ɓera, da wuta.

Tun kafin girbi ka share rumbu sarai, ka ƙone sauran ƙaiƙayi da tsohon kara, gama cikinsu ƙwarin bara ke ɓuya. Ka yaɓe duk wata tsaga, ka gyara jinka. Rumbu ya zauna bisa duwatsu, iska na wucewa ƙarƙashinsa, ka riƙa duba ƙafafunsa don hanyar gara. Ka nisanta shi daga madafa, ka nome ciyawar da ke kewaye da shi kafin hunturu, kada kuma ka jera dukan rumbunanka wuri ɗaya, don gobara ɗaya kada ta cinye shekararka. In gidanka na kusa da rafi ko kwari, ka gina rumbu a kan tudu.

Gero da dawa sun fi daɗewa in an bar su a zangarniyarsu. Wannan dabara tsohuwa ce, tana cikin labarin Annabi Yusuf da shekarun yunwar Masar. Kada ka haɗa sabo da tsoho cikin rumbu ɗaya. Ka ci na bara tukuna, ka mayar da na bana a gurbinsa. Da haka tsiminka ba zai tsufa ba.

Hatsin da aka sussuke lalle ne ya bushe ƙwarai kafin a ɗure shi. Ka tauna ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko kuwa ka zuba shi cikin busasshiyar kwalba tare da ɗan busasshen gishiri, ka toshe, ka girgiza, ka ajiye kaɗan. In gishiri ya manne jikin kwalba da sauran laima, sai ka sake shanyawa. Masara da gyaɗa in suka yi funfuna suna haifar da guba mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe ta. Ka shanya su bisa tabarma ko leda, ka tsince waɗanda suka ɓaci ka zubar, kada ka ba ko dabba.

Wake shi ƙwari suka fi so. Dā akan cuɗa shi da toka ko yashi mai laushi, har yanzu kuwa wannan na aiki. Tun 2007 akwai buhun PICS wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. Ka matse iska, ka ɗaure kowanne dabam. Ƙwarin da ke ciki za su shaƙe 'yar iskar da ta saura su mutu, ba tare da magani ba. Durom ko jarka mai murfi da ke toshewa sosai ma haka take yi, in an cika ta fal. In leda ta huje aikin ya ɓaci, saboda haka ka tsare ta daga ɓera. Kada ka kuskura ka zuba maganin feshin gona cikin abin da za a ci, kada kuma ka sa ƙwayar turaren ƙwari cikin ɗakin da mutane ke kwana, gama tana kisa.

NA HUƊU: IRI

Ka zaɓi iri tun a gona kafin yanka, daga zangarniyu manya masu cika, marasa cuta. Ka ɗaure su dabam, ka rataye inda hayaƙi ke ɗan taɓa su, ka gaya wa iyalinka cewa wannan ba na ci ba ne. Ka ajiye abin da zai isa shuka biyu, domin sau da yawa ruwan fari yakan yaudari mutane, shuka ta tsiro ta ƙone. Ka haɗa mai saurin nuna da mai nauyi, gero da dawa da wake a gona ɗaya. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya tsira, in ya daɗe dawa ta cika, wake kuwa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

NA BIYAR: RUMBUN DA KE CIKIN ƘASA DA NA BISA ITACE

Ka keɓe ɗan wuri ka dasa rogo, ka kewaye shi da shinge don awaki. Yana nuna cikin kimanin shekara, yana kuma iya zama cikin ƙasa watanni bayan haka har ka bukace shi. Fara ko ta ci ganyensa ba ta kai ga saiwarsa. Amma rogo mai ɗaci yana da guba, sai an fere shi an jiƙa kwanaki an shanya kafin a ci. Dankali ma ka ba shi kunya biyu uku. In kana kusa da fadama kada ka zauna da rani, albasa da tumatir da kabewa suna kawo miya da kuɗi a lokacin da gona ba ta kawo kome.

Matan gida su shanya kuka da kuɓewa da yakuwa da rama da tafasa da zogale tun suna da yawa, a inuwa, a zuba cikin tukwane masu murfi. Tuwo kaɗan da miya mai kyau ya fi riƙe yaro bisa tuwo mai yawa ba mahaɗi.

Kada ka sare gawo da kuka da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da ke gonarka. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya rufe shuka, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabba ne da rani. Tun bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa, har filaye masu yawa suka sake yin itace. Wannan ba ya cin ko kwabo.

NA SHIDA: DABBOBI

Akuya da tunkiya da kaji su ne asusun manomi. Amma ka lura da wannan: in yunwa ta shigo kowa na kai dabba kasuwa, sai kuɗinta ya faɗi, na hatsi ya hau. Saboda haka in ka ga damina ta ɓaci, ka sayar da wadda za ka sayar tun da kaka, tana da ƙiba, hatsi na araha, ka mai da ita hatsi. Ka bar mata masu haihuwa. Ka tara harawa da kara bisa rumfa, ka kai dabbobinka rigakafi duk sa'ad da ma'aikatan dabbobi suka zo.

GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Ku ne idon gari. Da kaka ku zauna da dattawa ku san gidajen da amfaninsu ba zai kai su damina ba, tun ba su fara sayar da gona ba. In kun ga fara, ko tsutsa ta faɗa wa shuka, ko ruwa ya ɗauke kwana da kwanaki, ku aika wa hakimi da malamin gona nan da nan. Labarin da ya isa da wuri shi ke kawo taimako da wuri.

In jama'a sun yarda ku kafa rumbun gari, kowa ya zuba gwargwadon ƙarfinsa da kaka, a ranta wa mabukata da damina, su mayar da kaka. Amma ku tuna, bayan yunwar 1931 Faransawa sun tilasta wa mutanen Nijar rumbun tsimi, talakawa kuwa suka ƙi jininsa, domin da ƙarfi aka karɓa, mai hatsi kuma ba shi da iko da abinsa. Naku ya zama da yardar mutane. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a auna a gaban jama'a, mabuɗi kada ya zauna hannun mutum ɗaya. Ku raya gayya, domin wanda ciwo ya kwantar lokacin noma kada gonarsa ta mutu. Ku yashe rijiyoyi da rani tun ruwa bai ja ba.

To, ga abin da za ka yi tun bana: ka auna cin gidanka, ka gyara rumbu, ka ware iri da tsimi kafin ka je kasuwa, ka dasa rogo. In shekara ta yi kyau ba ka yi hasarar kome ba, hatsinka na nan. In ta ɓaci, iyalinka za su kwana a gidansu, kai kuwa ka noma gonarka da ƙarfinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.