Yadda logaridim ke narkar da ƙulli a siffofin aljabra

Siffar aljabra ita ce tarin ɗigogin da suka cika sharaɗin wani daidaito na aljabra, kuma da'ira, wadda ɗalibin sakandare ya sani da x² + y² = 1, ita ce misali mafi kusa. Da'ira sumul take ko'ina, domin duk wurin da aka faɗaɗa sosai a kanta zai yi kama da miƙaƙƙen layi. Daidaiton xy = 0 kuwa layuka biyu yake bayarwa waɗanda suka gitta juna, kuma a mahaɗarsu komai yawan faɗaɗawa gicciye za a ci gaba da gani. Irin wannan wuri shi ne ƙulli, kuma a nan ne dabarun kalkulas suke gazawa, saboda an gina su ne bisa zaton cewa kowane ɗigo yana da alkiblarsa tabbatacciya.

Hanyoyi biyu ake bi wajen magance ƙulli. Ta farko ita ce warwarewa, inda ake maye gurbin ƙullin da wani yanki har a sami siffa sumul wadda ba ta bambanta da ta asali ba sai a wurin, kuma Heisuke Hironaka na Japan ya tabbatar a 1964 cewa wannan yana yiwuwa koyaushe a kan lambobin da aka saba aiki da su, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Fields a 1970. Ta biyu ita ce narkarwa, wadda ba ta yanke komai, sai dai ta ɗan motsa daidaiton kansa. Idan aka rubuta xy = t, to muddin t ba sifili ba ce siffar lanƙwasasshiya ce sumul, kuma yayin da t take ƙanƙancewa sai ta matse har ta koma gicciyen nan. Tambayar ita ce ko kowace siffa mai ƙulli tana da dangi sumul da suke kusantarta haka, amsar kuwa a'a ce, domin Michael Schlessinger ya nuna a 1971 cewa akwai ƙulle-ƙullen da ba sa motsuwa ko kaɗan.

Siffofin da aka fi damuwa da su a nan su ne waɗanda aka harhaɗa daga yankuna sumul masu haɗuwa da juna kamar yadda bango biyu da daɓe suke haɗuwa a kusurwar ɗaki. A kusa da kowace mahaɗa narkarwa ba ta da wuya, tunda xy = t ta riga ta nuna hanya; wahalar tana wajen sa waɗannan ƙananan narkarwa su dace da juna a faɗin siffar baki ɗaya. Robert Friedman ya bayyana a 1983 sharaɗin da ya zama dole idan ana son dangin gaba ɗayansa ya kasance sumul, wato murɗewar da yanki ɗaya yake yi a kewayen mahaɗa ta soke murɗewar ɗaya yankin, tare da gyara a inda yankuna uku suka haɗu.

Abin da ya haskaka wannan sharaɗi ya fito ne daga wani fanni dabam, wato nazarin lambobi. Jean-Marc Fontaine da Luc Illusie na Faransa suka kawo tunanin, Kazuya Kato na Japan ya shimfiɗa shi a wata maƙala da aka buga a 1989, kuma shi ake kira jometiri na logaridim. Logaridim dabara ce da take mayar da ninkawa ta koma tarawa, saboda haka xy = t takan zama log x + log y = log t, kuma idan aka auna ƙananan canje-canje da wannan ma'auni sai a sami dx/x + dy/y = dt/t. Wannan dangantaka ba ta lalacewa ko da t ta kai sifili, alhali ma'aunin da aka saba da shi yana rushewa a daidai wurin. Tsarin logaridim shi ne ƙarin bayanin da ake ɗora wa siffa, wanda yake riƙe da lissafin abubuwa irin su x da y da t, waɗanda ake ninka su da juna ba tare da an tara su ba. Gicciye shi kaɗai bai ƙunshi labarin dangin da ya fito daga cikinsu ba, amma gicciye tare da tsarinsa na logaridim ya ƙunsa, kuma a wannan sabon ma'auni sumul ake ɗaukarsa. Nan ne kyawun fannin yake, domin ba a taɓa siffar ba, ma'aunin aka gyara, sai dukkan ilimin da aka tara game da motsa siffofi sumul ya sami wurin aiki. Sharaɗin Friedman ma ya zamana shi ne ainihin sharaɗin samuwar irin wannan tsari.

Yujiro Kawamata da Yoshinori Namikawa suka ci moriyar haka a 1994 a kan siffofin Calabi-Yau, waɗanda masana kimiyyar fiziks suke buƙata a nazariyyar zare. An riga an san, daga aikin Bogomolov da Tian da Todorov, cewa motsa irin waɗannan siffofi idan sumul suke ba ya cin karo da cikas a kowane mataki. Kawamata da Namikawa suka nuna haka abin yake ga masu ƙulli da suke ɗauke da tsarin logaridim, bisa wasu ƙarin sharuɗɗa, don haka ana iya narkar da su.

Sai dai misali mafi shahara bai shiga wannan tsari ba. Daidaiton xyzw = 0 yana ba da shimfiɗu huɗu masu haɗuwa a layuka shida, kuma idan aka ƙara masa t sau wani daidaito mai daraja ta huɗu sai a sami siffa sumul da ake kira K3. Narkarwar ta yiwu, amma sharaɗin Friedman bai cika ba, saboda a kan kowane layi akwai ɗigo huɗu, jimilla 24, inda tsarin logaridim ɗin kansa yake da ƙulli. Mark Gross da Bernd Siebert suka karɓi irin waɗannan ɗigogi a matsayin jigon bincike a shirinsu na fahimtar tagwaitakar madubi, wato yadda siffofin Calabi-Yau suke zuwa bibbiyu, kuma maƙalarsu ta 2011 ta nuna yadda ake gyara haɗin yankunan mataki bayan mataki. A 2021 Simon Felten da Matej Filip da Helge Ruddat, bisa wata dabara ta Chan da Leung da Ma, suka wallafa sakamakon da ya sassauta sharaɗin Friedman ta yadda zai karɓi ƙulle-ƙulle irin na misalin nan.

Amfanin wannan duka a aikace shi ne gina sababbin siffofi daga yankuna masu sauƙin fahimta, tunda rubuta daidaitonsu kai tsaye sau da yawa ba ya yiwuwa. Ta wannan hanya Kenji Hashimoto da Taro Sano suka samar da siffofin Calabi-Yau masu awo uku waɗanda adadin wani nau'in ramukansu yake iya kai duk yawan da ake so, ko da yake nasu ba sa cika sharaɗin Kähler, ma'ana ba za a iya dasa su cikin sararin aljabra da aka saba ba. Game da waɗanda suke dasuwa kuwa, masana ba su tabbatar ba tukuna ko nau'o'insu suna da iyaka.