Atisaye da Ƙashin da Bai Gama Ƙwari Ba

Da la'asar sakaliya, duk wani fili da gini bai cinye ba tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana cike yake da yara 'yan ƙwallo. Koci na busa usur, ɗan shekara 12 da ɗan shekara 17 suna layi ɗaya, a zagaye fili, a dawo a kama tsallen kwaɗo har ƙafa ta ɗau rawa. Wanda ya sare a ce masa rago. Can cikin lungu kuma samari sun cika gwangwanaye biyu da siminti, sun soka bututun ƙarfe a tsakani, ƙannensu na gefe suna jiran a ba su su ɗana.

Masu ƙwallon zari-ruga sun daɗe da gane illar haɗa yara haka, domin wasansu na karo ne, bambancin jiki ba ya ɓuya. A yankuna da dama na Niyu Zilan, sai an ɗora yaro a sikeli kafin a sa shi rukuni, a duba nauyinsa tare da shekarunsa. Dalili kuwa, namiji yakan yi miƙewar tsawo mafi sauri wajen shekara 13 zuwa 14, mace ta riga shi da kimanin shekara biyu, amma wani yakan yi gaba, wani ya makara. Yara biyu da aka raɗa wa suna a wata ɗaya, ɗaya har ya soma tsirar gemu, ɗayan muryarsa ba ta ko fashe ba.

Kafin balaga, yaron da ke atisaye yana ƙara ƙarfi ƙwarai, sai dai ba damtsensa ne ke kumbura ba. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon sarrafa tsoka, su tashe ta da sauri kuma a tare. Kaurin tsoka sai sinadarin mazakuta ya yawaita a jini bayan balaga. Don haka abin da ɗan firamare ya fi cin riba da shi shi ne iya gudu, iya birki, iya dira da iya faɗuwa, ba wahala ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne lokacin miƙewar. A bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai guringuntsi, ta nan ƙashin ke tsawo, kuma ba ya rufewa sai a ƙarshen balaga. A watannin da ƙashi ke sauri, tsoka da jijiya sukan kasa cim masa, sai su ɗaure. Jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa ta kama saman ƙwauri takan yi ta fizgar wurin, har wani ƙululu ya taso mai zafi in an taɓa. Iyaye su zaci targaɗe ne su nufi maɗori, alhali abin da wurin ke nema a rage masa tsalle da gudu na ɗan lokaci. Tsallen kwaɗon nan da ake horo da shi kuwa, daidai wurin yake duka.

Zancen wai ɗaga ƙarfe na hana yaro tsawo, bincike bai tabbatar da shi ba muddin nauyin daidai ƙarfinsa ne kuma akwai mai lura. Haɗarin yana wajen gasar wa ya fi wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba 'yan shekara 5 zuwa 17 shawarar motsa jiki na minti 60 kullum, da aikin ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana uku a mako.

Ba kuma sai da kayan aiki ba. Shirin ɗumama jiki na FIFA mai suna 11+, na minti 20, cike yake da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da lanƙwasa gwiwa, da dira a hankali. Ai rabin wannan langa ce, wadda yaran unguwannin Kwarbai da Babban Dodo suka gada tun kaka da kakanni, ta kuma soma ɓacewa daga dandali.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar zaɓen 'yan wasa. Idon koci yakan faɗa kan ƙaton da ya riga sa'o'insa balaga, ƙaramin ya ƙare a ɗauko ƙwallo bayan raga. Zuwa shekara 18 yakan kamo ƙaton a tsawo, wani sa'in har ya wuce shi, amma a lokacin ya daɗe da barin fili ya koma shagon ɗinki ko kan babur.